Yadda Ake Gano Alama a Cikin Waƙa

Wata ranar Alhamis bayan la'asar muna zaune a fadarmu ta shan shayi a unguwar Zango ta Damagaram, ana jiran shayi na biyu, sai ƙanena da ke lise ya miƙo mini kayensa, wato littafin rubutunsa, yana tsaki. Ya ce, "Yaya, mushe, malaminmu, ya ce mu fito da alamun da ke cikin waƙar nan, ni kuwa ban ga komai ba sai itace da tsuntsu." Na ce masa ai ka riga ka yi rabin aikin, tunda ka ga itacen ka ga tsuntsun. Abin da na nuna masa ran nan har aka kira magariba shi ne zan shimfiɗa a nan, mataki bayan mataki. Don kada mu yi ta zance a iska, na tsara ƴan baitoci huɗu da kaina, su za mu riƙa feɗewa:

Kukar ƙofar gidanmu jiya ta faɗi,
Shamuwa ta zo ta rasa wurin sauka.

Masu shan miyarta sun zo da gatari,
Kowa da reshen da yake so ya ɗauka.

Hadari ya haɗu can gabas da Birni,
Iri na hannu, ba mai cewa a shuka.

Ayari ya yi asubanci ya bar zango,
Sai toka a murhu, sai mai kuka.

Mataki na farko: ka ji waƙar da kunne

Ka ajiye bik tukuna. Ka karanta waƙar da murya sau uku, in ta baka ce ka saurare ta sau uku a salularka ba tare da ka tsayar ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuma Hausa da karin sauti take rarrabe kalmomi. Dubi kalmar farko da ta ƙarshe a baitocin nan. A takarda duk "kuka" ne, amma a baki ta farko muryar tana sauka a gaɓar ƙarshe, itaciya ke nan, ta ƙarshe kuwa muryar tana tsayawa a sama, hawaye ke nan. Wanda ya karanta da ido kawai zai wuce bai lura mai waƙa ya buɗe da kuka ya rufe da kuka ba.

Daga nan ka faɗi labarin waƙar da maganar yau da kullum, kamar kana ba tsohuwarka labari: itaciya ta faɗi, tsuntsuwa ta rasa masauki, mutane sun zo sara, ruwa na shirin sauka ba a yi shuka ba, matafiya sun tashi. In akwai kalmar da ba ka sani ba, nan ne wurin tambaya. Na sha ganin ɗalibi ya gina dogon sharhi a kan kalmar da bai san ma'anarta ta fili ba.

Mataki na biyu: ka san gidan da waƙar ta fito

Waƙar fada ce, ko ta wa'azi, ko bege, ko siyasa, ko soyayya, ko ta noma? Masu nazari suna cewa jigo ga rubutacciyar waƙa, turke ga waƙar baka. Kowane gida da kayan adonsa. In makaɗin fada ya ce giwa, ko zaki, ko bajimi, ko dutse, ubangidansa yake nufi, in kuwa ya kawo biri ko jemage ko mujiya, to zambo ne ga ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba. Malamin wa'azi in ya kawo tsohuwa mai kwalliya da ke yaudarar samari, duniya ce, ita ce dai wadda karin magana ke kira budurwar wawa. A bakin mai bege, cikakken wata da fitila da haske Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuma in ka ji sha'irin ɗariƙa yana maganar shan giya har ya bugu, kada ka yi salati ka rufe littafi: shauƙi yake nufi, salon da sufaye suka daɗe suna yi tun a waƙoƙin Larabci. Haka in Batijjane mabiyin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya ambaci ambaliya, faila ce, wato kwararar falalar Allah.

Baitocinmu sun yi kama da marsiyya, waƙar rashi. Ka riƙe wannan a zuci, amma kada ka ɗaure shi tamau tukuna.

Mataki na uku: ka ja layi ƙarƙashin abin da ido ke gani

Yanzu ɗauki bik. Duk abin da za a iya gani ko taɓawa ka ja masa layi: kuka, ƙofa, shamuwa, miya, gatari, reshe, hadari, Birni, iri, ayari, zango, toka, murhu. Cikin goma sha ukun nan ba duka ne alama ba. Wadda ta cancanci ka tsaya a kanta ita ce wadda aka maimaita, ko aka sa ta a farkon waƙa ko a amshi, ko aka ba ta muhimmancin da ya fi ƙarfinta. Wa zai zauna ya tsara waƙa don itace ya faɗi? Da zarar ka ji nauyin magana ya fi nauyin abin da aka ambata, to akwai wani abu a bayansa.

Mataki na huɗu: ka rarrabe ta da ƴan'uwanta

Nan ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, alhali abin ba wuya. In na ce "Baba kamar kuka yake," kamantawa ce, ga "kamar" nan a fili, haka "tamkar" da "sai ka ce" da "ya fi". In na ce "Baba kukar gidanmu ne," siffantawa ce, na cire "kamar" amma na ambaci Baba. In na ce "kukar gidanmu ta faɗi" na yi shiru, ban kira sunan kowa ba, wannan ita ce alamtarwa: an nuna maka abin, an ɓoye mai abin. Akwai kuma jinsintarwa, inda ake ba abu halin wani jinsi, kamar a ce kuka ta yi dariya.

Mataki na biyar: ka je ka dubi abin da kansa

A nan nake so mu daɗe, don a ganina duk sauran matakan hidima suke yi wa wannan. Mutane da yawa suna neman a ba su jeri su haddace: zaki jarumtaka, kura haɗama, fari alheri, baƙi sharri. Jerin yana da amfaninsa, amma mai waƙa ba daga jeri ya ɗauko alamarsa ba. Daga gona da kasuwa da tsakar gida ya ɗauko ta, kai ma can za ka bi shi.

To me kuka take yi wa gida? Ganyenta ake shanyawa a daka a yi miya, shi ne ke riƙe tuwo tun daga kaka har bazara lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Ɓawonta ake ɓarewa a tuƙa igiya, kuma ba ta mutuwa don an ɓare ta. Garin ƴaƴanta ana damawa a sha. Tana daɗewa har a rasa wanda ya san shekarunta. Da rani takan kaɗe ganye ta tsaya tsirara, don haka ba gwanar inuwa ba ce kamar ceɗiya ko durumi. Sannan ga abin da ɗan birni kan manta: itacen kuka laushi gare shi kamar soso, ba ya azara, ba ya turmi, ko a murhu ba ya wutar kirki. Koma ga baiti na biyu da wannan sani a hannunka. Masu gatari sun zo rabon rassa, amma me za su samu? Amfanin kuka duk yana cikin tsayuwarta. Ashe baitin ya wuce zargin butulci kawai, yana yi wa magada dariya ne, suna faɗa a kan gadon da ba ya rabuwa.

Shamuwa fa? Kowane yaron ƙauye ya san zuwanta albishir ne na damina. Tana sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ba a jifarta, in damina ta wuce ta tafi, baɗi ta dawo wurin da ta saba. Su wa ke tafiya da rani su dawo gab da faɗuwar ruwa? A ƙasar Damagaram amsar ba ta da nisa: ƴan ci-rani, samarinmu da ke Kano da Agadas da Libiya, waɗanda in hadari ya fara haɗuwa sai ka ga tasha ta cika da su. Ɗan ci-rani ya dawo ya tarar babu wanda yake sauka a wurinsa. Wanda bai taɓa ganin shamuwa ba, bai san lokacin zuwanta ba, zai ce "tsuntsu alamar ƴanci ne" don ya ji haka a darasin waƙoƙin Faransanci, ya ɓata.

Bayan ka dubi abin da ido, ka tambayi karin magana da kirari da tatsuniya, su ne rumbun da Bahaushe ke ajiye hukuncinsa a kan kowace halitta. Giginya dogo ce kyakkyawa, amma "inuwar giginya, na nesa ka sha," don haka in an kira mutum giginya a waƙa ka duba da kyau, mai yiwuwa ana cewa danginsa ba sa morarsa. Rimi adon gari ne. Gamji sha sara ne, shi ya sa ya zama kirarin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Hankaka mai da ɗan wani naka. In ba ka san karin maganar ba, tsofaffin unguwa sun sani. Ni dai mafi yawan abin da na sani a kan itatuwa da tsuntsaye daga bakin kakata na ji shi, tana tsinkar zogale, ba daga lakol ba.

Amma fa ka yi hattara, alama ɗaya takan yi fuska biyu. Kura a tatsuniya wawuya ce mai kwaɗayi, Gizo na juya ta yadda ya ga dama, a karin magana ita ce ba a ba ta ajiyar nama, ita ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. To ga shi a garin nan sarkin da ya sa aka kashe Bafaranshe Kyaftin Kazamaju a 1898, wanda ya tari sojan Faransa a Tirmini a 1899, laƙabinsa Amadu Kuran Daga, har babbar lise ta garin sunansa take ɗauke da shi. Kunnen Bahaushe na jin kura, yana jin daga, wato fagen yaƙi. A nan ba kwaɗayinta aka ɗauko ba, muƙamuƙinta aka ɗauko, wanda in ya kama ƙashi sai ya farfasa shi, da tsoron da kukanta ke sa wa mutane cikin dare. Kalmar da ke kusa da ita, "daga", ita ta zaɓi fuskar da za a gani. Haka hadari: ga manomi rahama ne, amma a kirari "hadarin ƙasa maganin mai kabido" bala'i ne da ba a tsere masa. A baitinmu na uku an haɗa shi da iri da shuka, saboda haka fuskar rahama ce, damar da ta zo ba mai karɓarta.

Mataki na shida: ka musanya ka gani

Wannan dabara ce mai sauri. Cire alamar ka sa ƴar'uwarta. "Gamjin ƙofar gidanmu jiya ya faɗi." Nan take waƙar ta koma ta sarauta, mai mulki ne ya rasu. Sa giginya, sai ta zama habaici. Abin da ya ɓace sa'ad da ka musanya, shi ne dalilin da ya sa mai waƙa ya zaɓi kuka: mai ciyarwa, mai haƙurin a ɓare shi, wanda ba shi da kwarjinin sarki amma gida ba ya tsayuwa sai da shi.

Mataki na bakwai: ka tambayi zamani da wuri

Raƙumi a waƙar fatake haƙuri ne da doguwar tafiya. Amma in tsohuwar waƙar ta fito daga bakin matan Damagaram a wajen 1958, shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba kan ci gaba da zama tare da Faransa, ka dakata. Raƙumi shi ne tambarin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari wadda ta ce a jefa "a'a", giwa kuwa tambarin jam'iyyar RDA ce ta Jori Hamani. Waƙar da ke cewa raƙumi ya fi giwa hangen nesa ba labarin daji take ba. Da aka haramta Sawaba a 1959, ambaton raƙumi ma ya zama abin da mutum zai waiga kafin ya yi. Wannan na cikin dalilan da ke sa mawaƙa fakewa a bayan alama tun asali, a faɗi magana a gaban mai iko, in ya tambaya a ce ai dabba ake wa waƙa. A ƙetaren iyaka ma haka ne, a waƙoƙin siyasar Arewacin Nijeriya na wancan zamani fartanya ta jam'iyyar NPC ce, tauraro na jam'iyyar NEPU.

Wuri ma yana ƙara wa alama nauyi. Rijiya a waƙar mutumin bakin kogi abu ne mai sauƙi. A garin da ke zaune kan duwatsu, inda mata suka san tashin dare don layin famfo kuma kowa ya san kuɗin garuwa, in mai waƙa ya ce wa masoyiyarsa rijiya ya ba ta abu mafi tsada da ya sani. Fara kuma a kunnen wanda ya taɓa ganin ta cinye gona ba abin soyawa da yaji ba ce kawai.

Dubi baitinmu na huɗu. Unguwar Zango da muke zaune a cikinta ta samo sunanta ne daga masaukin ayari, nan fataken da suka keto Sahara suke sauke kaya a wajen ganuwar Birni, wadda Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Malaman wa'azi kuma sun daɗe suna cewa duniya zango ce, mutum matafiyi ne, aikin kirki guzuri. Don haka ayarin da ya yi asubanci yana ɗauke da kaya biyu, na tarihin garin da na wa'azi, kuma duka biyun suna nuni ga tafiyar da ba a dawowa.

Mataki na takwas: ka kawo shaidu biyu daga cikin waƙar

Kowace fassara ka yi, ka nemo mata aƙalla shaidu biyu a cikin baitocin, ba a cikin kanka ba. Na ce kuka alama ce ta wani babba a gida da ya rasu. Shaidata ta farko "ƙofar gidanmu", ta biyu rabon rassa mai kama da rabon gado, ta uku ayarin da ya tashi da mai kukan da aka bari. Magana ta tsaya.

Namiji ne ko mace? Nan muka yi gardama a fada har shayi ya huce. Wani abokina ya ce uwa ce ko kaka, don miya da murhu na mata ne, kuma toka a murhu na nufin an daina girki. Ni na ce maigida ne, don a gandu shi ke cewa gobe a fita shuka. Shi yana da shaidu biyu, ni ina da ɗaya mai ƙarfi. Ko da yake ni na tsara baitocin, ban iya kayar da shi ba, don abin da ya faɗa yana cikin waƙar. Fassara biyu suna iya zama tare in kowacce ta zo da shaidunta.

Wadda ba ta zama ita ce irin ta ƙanena. Da abin ya fara yi masa daɗi sai ya ce Birni zuciyar mai waƙa ce, gabas kuma alƙibla, wato yana nufin a koma ga Allah. Na ce to kawo shaida. Babu. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, kowa ya sani, Birni kuma unguwa ce da ake hango sama ta bayanta. Mai waƙa yana buƙatar wasu kalmomi su tsaya a matsayinsu na fili don alamun su sami ƙasar takawa. In ka mai da kowace kalma asiri, ka zama kamar mai duba da ke ganin aljani a kowace tukunya.

Yadda za ka rubuta abin da ka gano

Ko a takardar jarrabawa ko a shafinka na Facebook, tsari ɗaya ya isa. Ka kawo ɗangon, wato layin baitin, yadda yake. Ka faɗi ma'anarsa ta fili. Ka faɗi halin abin a rayuwar mutane, da karin magana in akwai. Ka faɗi abin da kake ganin yana wakilta, sannan shaidunka. Ga misali: "A ɗango na biyu mai waƙa ya ce shamuwa ta rasa wurin sauka. Shamuwa tsuntsuwa ce mai tafiya da rani ta dawo gab da damina, ta koma itacen da ta saba. Ina ganin tana wakiltar ƴaƴan gidan da ke ci-rani, saboda baiti na uku ya nuna lokacin shuka ne, baiti na farko kuma ya ɗaure ta da ƙofar gida." Jimla uku, ba kame-kame. Ka riƙa cewa "ina ganin" ko "alama ta nuna", ka bar "mai waƙa yana nufin" sai inda shi da kansa ya warware, kamar yadda malaman wa'azi kan yi a baitocin ƙarshe.

Gatari da iri na bar maka su ban taɓa ba. Ka bi da su ta matakan nan, ka fara da tambayar wani manomi abin da ke faruwa da gero in aka bar ruwan shuka na farko ya wuce. Ƙanena ya tafi da wannan tambayar wurin kawunmu a Mirya ran Lahadi, ya dawo da shafi biyu a kayensa da buhun mangwaro.